Maganin Makantar Rafi: Yarjejeniyar Da Ta Kawo Shi Ƙofar Majami'armu

Masu karatu da suka yi zama a ƙauyukan Filato, ko Nasarawa, ko kudancin Kaduna, ko Taraba, ba sai an yi musu bayanin sandan nan mai zane-zane ba. Sau ɗaya a shekara, wani lokaci bayan an tashi daga sujada ran Lahadi, wani lokaci kuma a ƙofar gidan mai unguwa, sai a ga wani ɗan gari ya iso da sanda da littafin rajista da robar ƙwayoyi. Mutum ya tsaya jikin sandan, a duba tsawonsa, a ba shi ƙwaya daga 1 zuwa 4, ya haɗiye nan take a gaban jama'a, a rubuta sunansa. Ba a karɓar ko kwabo. Yaron da tsawonsa bai kai santimita 90 ba, da mace mai ciki, da wanda ciwo ya kwantar da shi ƙwarai, suna cikin waɗanda akan ce su dakata.

Sunan ƙwayar nan Mectizan. Da yawanmu mun sha ta shekara da shekaru ba mu taɓa tambayar inda ta fito ba, balle mu tambayi dalilin da ya sa ba a sayar mana da ita, a ƙasar da ko maganin ciwon kai sai da kuɗi. Mun ga ya kyautu mu bi sawunta, domin labarinta labari ne na yadda masanan jami'a da kamfanonin magani suke haɗa hannu su ƙera magani, da kuma yadda ake yanke shawarar wanda zai samu da wanda zai rasa. Wannan shawara kuwa ba a asibitocinmu ake yanke ta ba. A kan takarda ake yanke ta, a ƙasashe masu nisa, tun kafin maganin ya zama magani.

Ciwon da ya kori mutane daga fadama

Bari mu fara da ciwon kansa, saboda yaran yanzu da dama ba su san shi ba, abin godiya ga Ubangiji. Akwai wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda da yake yin ƙwai a inda ruwa ke gudu da ƙarfi a kan duwatsu. Da rana yake cizo. In ya ciji mai ɗauke da cutar ya koma ya ciji wani, sai ya zuba masa 'ya'yan wata tsutsa. Tsutsar takan girma a ƙarƙashin fata, ta dunƙule ta zama ƙululu, sau da yawa a wajen ƙugu ko haƙarƙari. Uwar takan rayu shekara 10 zuwa 15, tana ta haihuwar 'ya'ya dubbai waɗanda ido ba ya gani. 'Ya'yan nan su ne masu ɓarna. Suna yawo cikin fata, in sun mutu sai ƙaiƙayi ya tashi, irin ƙaiƙayin da ke hana barci, har mutum ya riƙa susa da ɓawon masara ko tsinin dutse. Fata ta yi kaushi, ƙafa ta yi dabbare-dabbare. In suka shiga ido, gani ya dinga raguwa a hankali har ya ɗauke, kuma wanda ya ɗauke ba ya dawowa.

Abin takaici, ƙasar da ta fi albarka ita ce ta bakin rafi, kuma can ne ƙudan yake. Kwarin kogin Hawal, wajen Garkida inda 'yan mishan suka sauka a 1923, yana cikin wuraren da ciwon ya yi suna, har mutane suka riƙa barin gonakin kwari suna komawa tudu. Magidanci mai shekara 40 ya zauna a zaure ba ya gani, a cire yaro daga makaranta ya zama ɗan jagora. Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, wanda aka kafa tun 1943, da sauran asibitocin mishan, sun ga irin waɗannan mutane ba adadi. Magungunan da ake da su a lokacin guda biyu ne, dukansu kuwa masu haɗari: ɗaya yakan tayar da kumburi har ya ƙara lalata idon, ɗayan allura ce ta jijiya mai taɓa ƙoda. A 1974 aka ƙaddamar da shirin feshin maganin ƙwari daga jiragen sama a kan kogunan ƙasashe 7 na Afirka ta Yamma, har da Nijar da Gana da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Nijeriya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar, ba ta cikin wannan shiri.

Ɗan ƙasa a cikin leda

To, a can Tokyo ta ƙasar Japan akwai wata cibiyar bincike mai suna Kitasato, mai jami'arta, kuma a cikinta akwai wani masani, Satoshi Omura. Sana'arsa ita ce neman ƙananan halittun da ke zaune cikin ƙasa, irin waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu, domin da yawa daga magungunan kashe ƙwayoyin cuta daga jikinsu aka samo su. An san shi da yawo da 'yar leda, duk inda ya je ya ɗebi ƙasa. Yana da gwanintar renon waɗannan halittu a ɗakin gwaji, amma ba shi da kuɗin da zai gwada dubbansu a kan dabbobi ya ga wanne ne yake da amfani.

A 1971 ya tafi Amurka, Jami'ar Wesleyan, inda ya zauna a hannun Max Tishler, wani dattijo da ya taɓa shugabantar sashen bincike na kamfanin magani na Merck. Ta wannan hanya aka ƙulla yarjejeniya a 1973. Sharuɗɗanta ba su da wuyar ganewa. Kamfanin zai riƙa ba cibiyar kuɗin aiki. Cibiyar za ta riƙa tace halittun da ta ga alamar alheri a cikinsu ta aika Amurka. In an dace da wani abu da ya shiga kasuwa, kamfanin ne zai sarrafa ya sayar, cibiyar kuma a riƙa ba ta kasonta daga cinikin. Kuma tun farko sun karkata ga maganin dabbobi ne, saboda can ne suka ga gasa ba ta yi yawa ba.

A 1974 aka aika da wani rukuni na halittu kimanin 50. Ɗaya daga cikinsu an samo ta ne daga ƙasar da aka ɗebo kusa da wani filin wasan golf a Kawana, cikin lardin Shizuoka. A ɗakin gwajin Merck, inda wani masanin tsutsotsi haifaffen ƙasar Ailan, William Campbell, yake aiki da abokansa, aka gauraya ruwan renon wannan halitta a abincin ɓeran da aka sa wa tsutsar ciki. Da aka duba, babu tsutsa ko ɗaya. Masu ilimin haɗa sinadarai na kamfanin suka ɗan sauya ƙirar abin don ya fi aminci, aka sami ivermectin. A 1981 ya shiga kasuwa a matsayin maganin shanu da tumaki da sauran dabbobi, kuma ba a daɗe ba ya zama cikin magungunan dabbobi da suka fi ciniki a duniya. Makiyayanmu sun san shi da sunan Ivomec. A nan sai mu ɗan tsaya mu ja kunne: na dabba na dabba ne, awonsa daban, kada kowa ya sha shi. Haka nan jita-jitar da ta bazu a lokacin annobar korona, wai yana warkar da ita, manyan gwaje-gwajen da aka yi ba su tabbatar da hakan ba.

Mu 'yan ikilisiya, in muka ji cewa maganin makanta daga cikin ƙasa ya fito, dole zuciyarmu ta je Yohanna sura 9, inda Ubangijinmu Yesu ya kwaɓa ƙasa ya shafa wa wanda aka haifa makaho. Ba muna cewa abu ɗaya ba ne. Amma ba laifi mu yi mamakin abin da Mahalicci ya ajiye a ƙarƙashin ƙafafunmu.

Campbell ya lura cewa maganin yana kashe 'ya'yan wata tsutsa a fatar dawaki, wadda 'yar'uwa ce ga mai makantar da mutane. Ya rubuta wa shugabanninsa cewa a gwada a kan ɗan Adam. Nan fa aka zo mararraba. Gwaji a kan mutane yana cin miliyoyin daloli, masu ciwon kuwa talakawa ne da ba za su iya saye ba. Ban da haka, in wani abu ya faru da mutum, sunan maganin dabbobin da ke kawo kuɗi zai ɓaci. Shugaban bincike na lokacin, Dokta Roy Vagelos, ya ce a ci gaba. Aka ɗora aikin a wuyan Dokta Mohammed Aziz, ɗan asalin Bangladesh, wanda ya taɓa aiki a Afirka ya ga ciwon da idonsa. A 1981 ya fara gwajin farko a Dakar ta Senegal, tare da likitocin jami'ar garin, a kan mutum 32. Ƙwaya kaɗan, sha ɗaya, sai 'ya'yan tsutsar suka ragu ƙwarai a fata har tsawon watanni, ba tare da irin wahalar tsoffin magunguna ba. Daga nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigo aka faɗaɗa gwajin zuwa wasu ƙasashe.

A 1987 hukumomin Faransa suka yi wa maganin rajista. Sai tambayar da aka yi ta kauce mata ta tsaya a ƙofa: wa zai biya? Vagelos, wanda a lokacin ya zama shugaban kamfanin gaba ɗaya, ya nemi gwamnatin Amurka da manyan hukumomi su ɗauki nauyi, bai samu ba. Ran 21 ga Oktoba, 1987, kamfanin ya yi shela cewa zai ba da maganin kyauta, gwargwadon yadda ake bukata, har iyakar lokacin da ake bukata. Cibiyar Kitasato ita ma ta yafe kasonta a kan wanda za a ba mutane. Dokta Aziz bai ga ƙarshen aikin ba, a cikin wannan shekarar ya rasu. A 1998 aka faɗaɗa kyautar ta haɗa da ciwon tundurmi, a 2015 kuma Omura da Campbell suka raba rabin kyautar Nobel ta fannin likita, ɗaya rabin aka ba wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, saboda maganin zazzaɓin cizon sauro.

Kada a ɗauka mu 'yan karɓa ne kawai a wannan labari. Bayan an fara rabon, ba a tabbatar ko shan ƙwayar kowace shekara yana kare jijiyar ido ba. A jihar Kaduna aka amsa wannan tambaya, a ƙauyuka fiye da 30, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Adenike Abiose ta Cibiyar Ido ta Ƙasa, tare da masana daga Landan, aka buga sakamakon a 1993 cewa lalle yana karewa. Sa'an nan ga babbar matsala: ƙwayar 'ya'ya take kashewa, ba ta kashe uwar, don haka sai gari duka ya yi ta sha har uwayen su tsufa su mutu, wato shekara 15 ko fiye. Wace ma'aikatar lafiya ce take da ma'aikatan da za su shiga kowane lungu kowace shekara? Shi ya sa shirin da aka kafa a 1995 domin sauran ƙasashen Afirka ya miƙa rabon ga mutanen gari, su zaɓi nasu, su tsai da ranarsu. Sandan awo ya maye gurbin sikeli. Malaman makarantar Lahadi nawa, da 'yan zumuntar mata nawa, da ladanai da limamai nawa suka yi wannan aiki ba albashi? Ƙungiyoyi irin su Cibiyar Carter da Sightsavers da mishan na makafi na CBM sun taimaka da mota da horo, amma ƙafar da ta taka ta 'yan gari ce. A 2018 aka sanar da tsai da rabon ga mutum kimanin miliyan 2 a Filato da Nasarawa saboda cutar ta daina yaɗuwa a can. A Janairun 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Jamhuriyar Nijar ta rabu da ita, ƙasa ta farko a Afirka, ta biyar a duniya.

Abin da takarda ba ta ce ba

Yanzu ga abin da ya sa muka ɗauko wannan zance. Babu wani layi a yarjejeniyar 1973 da ya tilasta wa kowa ya ba manomin Hawal magani kyauta. Alheri ne na waɗansu mutane da suka sami kansu a kan kujera a daidai lokacin, kuma alherin ya yi sauƙi domin shanun Turai da Amurka sun riga sun biya kuɗin binciken. Da wani ne a kujerar, ko da maganin bai yi ciniki a wajen dabbobi ba, wa ya san yadda za ta kaya? Muna gode wa Allah da alherin, amma ran yaranmu bai kamata ya rataya a kan sa'a ba.

Domin a gane, sai mu duba yadda harkar take tafiya a yau. Masu hannu a ciki uku ne. Jami'a ita ke da masana masu haƙurin bin tambaya shekara 20, kuma yawanci da kuɗin harajin jama'a suke aiki. Babban kamfani shi ke da jarin gwaji a kan dubban mutane, da masana'anta, da hanyar kasuwa. A tsakaninsu kuma akwai ƙananan kamfanonin fasahar halittu, waɗanda sau da yawa malamin jami'a ne yake kafa su da kuɗin masu zuba jari, don ya ɗauki abin da ya gano ya rene shi har babban kamfani ya saya. Na farko da ya yi suna shi ne Genentech, wanda Farfesa Herbert Boyer na Jami'ar Kalifoniya da wani ɗan kasuwa, Robert Swanson, suka kafa a 1976. A 1978 suka sa ƙwayoyin bakteriya suka yi insulin irin na jikin mutum, suka ba kamfanin Eli Lilly izinin sarrafawa, a 1982 ya isa hannun masu ciwon sukari. Igiyar da ta ɗaure su ukun ita ce takardar mallakar fasaha, wadda take hana kowa yin irin maganin har shekara 20 sai da izinin mai ita. A 1980 Amurka ta yi dokar da ake kira da sunan sanatoci biyu, Bayh da Dole, wadda ta ba jami'o'i damar mallakar abin da suka gano da kuɗin gwamnati, su kuma sayar da izininsa ga kamfani ɗaya tak in sun ga dama.

Wannan tsari ya haifar da magunguna masu yawa, ba mu musu. Amma dubi abin da ya faru da stavudine. A Jami'ar Yale ne William Prusoff da abokin aikinsa suka gano cewa yana danne ƙwayar cutar ƙanjamau. Jami'ar ta ba kamfanin Bristol-Myers izini shi kaɗai a 1988, magani ya fito a 1994, har ta kai Yale tana samun wajen dala miliyan 40 a shekara. A daidai lokacin ana ta binne mutane a Afirka ta Kudu, kuma takardar mallakar ta hana a shigar da mai araha irinsa. A 2001 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta roƙi jami'ar ta sassauta, jami'ar ta ce hannunta a ɗaure yake da yarjejeniya. Sai da ɗalibai suka tashi, Prusoff da kansa, yana tsoho, ya mara musu baya, sa'an nan a watan Maris kamfanin ya sauke farashi zuwa senti 15 a rana a Afirka, ya kuma ce ba zai kai ƙarar masu yin na araha ba. An daina amfani da stavudine yanzu saboda illolinsa, an sami waɗanda suka fi shi, amma tun daga wannan rikici jami'o'i da dama suka fara sa sharaɗin ƙasashe matalauta a cikin takardunsu. Shekara 7 ke nan tsakanin fitowar maganin da saukar farashinsa, kuma waɗanda suka mutu a tsakani ba su dawo ba.

Akwai kuma wani abin da ya fi farashi nauyi, wato jikin wanda ake gwaji a kansa. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kashe dubban mutane a Arewa. Kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa ya yi gwajin wani sabon magani, Trovan, da yara kimanin 200, rabi aka ba su shi, rabi aka ba su wani tsohon magani. Yara 11 suka rasu, 5 daga rukunin farko, 6 daga na biyu, waɗansu kuma suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an yi musu bayani da baki sun yarda, kuma ciwon ne ya yi kisan. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Ba mu ne alƙalai ba. Abin da muka gani da idonmu shi ne yadda amana ta karye, har da aka ƙi allurar shan inna a 2003 mutane da yawa suna kafa hujja da wannan. A 2007 Nijeriya ta fitar da ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, waɗanda suka wajabta kwamitin da zai duba kowane gwaji tun kafin a fara, da kuma yardar mutum bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji. Asibitocin ikilisiya, da yake jama'a sun amince da su, masu bincike suna son aiki da su. Hukumomin asibitocinmu da majalisun dattawa su san cewa suna da ikon su ce a kawo takardar kwamitin, a fassara takardar yarda zuwa Hausa da sauran harsunanmu, a kuma rubuta tun yanzu ko mutanen da aka yi gwaji a kansu za su sami maganin in ya yi kyau, da kuma kan nawa.

Namu na gida

Mu ma mun taɓa gwada irin wannan haɗin gwiwa, kuma abin sha'awa, da hannun fasto a ciki. Ciwon amosanin jini, wanda ake kira sikila, babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan jariran da ake haifa da shi, kimanin 150,000 a shekara, shi ya sa ikilisiyoyi da yawa ba sa ɗaura aure sai an kawo takardar gwajin jini. Rabaran Paul Ogunyale, daga ƙasar Yarbawa, yana da wani haɗi na gargajiya da yake ba masu ciwon. A 1992 cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta ƙulla yarjejeniya da shi a rubuce, abin da ba a saba yi wa masu maganin gargajiya ba. Haɗin ba baƙo ba ne a wurinmu: akwai masoro, da kanumfari, da karan dafi, da itacen wata bishiya. Aka tace, aka gwada, aka ga yana rage yawan tashin ciwon, aka sa masa suna Niprisan, a 1998 aka yi masa takardar mallaka a Amurka da sunan Rabaran a cikin masu ita.

Cibiyar ba ta da masana'anta, sai a 2002 ta ba wani ƙaramin kamfanin Amurka, Xechem, izini shi kaɗai. A 2006 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da maganin da sunan Nicosan. Shekara 2 kacal bayan haka kamfanin ya karye, a 2009 gwamnati ta janye izinin, iyayen da yaransu suka saba da maganin suka shiga nema. Sai a 2018 aka ba kamfanin May & Baker na nan gida izinin sarrafa shi. Ilimin namu ne, ganyen namu ne, masu ciwon namu ne, amma da aka zuba ƙwai duka a kwando ɗaya, kwandon kuma ya faɗi, shekaru suka tafi a banza. Muna ganin jami'o'inmu na Zariya da Jos da Maiduguri da Kano, in za su shiga irin wannan, suna bukatar lauyan da ya iya karanta yarjejeniya kamar yadda suke bukatar madubin likita. Kuma kada aikin masananmu ya tsaya a ɗibar jini a aika waje, wani ya rubuta sakamako da sunansa.

Sabon misalin da ya iso mana shi ne allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna R21, wadda a cikinta aka ga ɓangarorin nan uku kowa da aikinsa. Cibiyar Jenner ta Jami'ar Oxford, ƙarƙashin Farfesa Adrian Hill, ita ta ƙera ta. Kamfanin fasahar halittu na Novavax ya ba da sinadarin da ke ƙara mata ƙarfi, wanda ake samu daga ɓawon wata bishiya. Kamfanin Serum na Indiya, wanda ya fi kowa yawan sarrafa alluran rigakafi a duniya, ya ɗauki nauyin yin ta da yawa a farashin da bai kai dala 4 ba kowace allura. Gwajin da ya fara nuna ƙarfinta a Nanoro ta Burkina Faso aka yi shi a kan yara 450, ƙarƙashin wani masani ɗan ƙasar, Farfesa Halidou Tinto, sa'an nan aka yi babba da yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya. A nan an yi maganar yawa da farashi tun kafin a gama gwaji, ba a bari sai ɗalibai sun yi bore ba. Gana da Nijeriya suka amince da ita a Afrilun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi baya a Oktoba, a Disambar 2024 kuma aka fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa.

Allurar ba ta hana zazzaɓi ɗungurungum, don haka gidan sauro yana nan daram. Kuma sau 4 ake yin ta, ta farko in yaro ya kai wata 5, ta ƙarshe bayan ya haura shekara, lokacin da uwa ta riga ta ɗauka ta gama da asibiti. Inda aka fara yin ta, sakatarorin ikilisiya su sa tunin a cikin sanarwar Lahadi, shugabannin zumuntar mata kuma su riƙa duba katin yaran da ke cikinsu. A garuruwan da har yanzu ake rabon Mectizan kuwa, ko da ƙaiƙayi ya daina kuma babu sabon makaho, kada a ajiye sandan sai jami'an lafiya sun zo sun gwada ƙudan da jinin yara sun ce a tsaya.